Mutumin da Na Tura Lamba Bakwai

Litinin, daga shago

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya ƙarfin ido? Direban layinmu, wanda zai kawo maka wannan takarda, ya ce an cire bandeji, amma likita ya ƙara maka wata biyu ba kallon waya. Allah ya ƙara sauƙi. Ina gaida Inna, ina kuma ba ta haƙuri tun yanzu, don na san ita za ta karanta maka a kunnen hagu, kuma takardar za ta yi tsawo. Sau biyu ina kiranka, duk abin da na faɗa sai ka ce "Wa ke magana?" Shi ya sa na koma biro.

Ka ce in riƙa ba ka labarin zauren masu jita da ka bar min riƙo a intanet. Ga shi, bi da bi.

Mutane sun kai ɗari tara da arba'in. Tun ranar da ka tafi asibiti na ware littafi guda, duk tambayar da ta shigo sai in rubuta ta da kwanan wata. Cikin wata biyu an yi tambaya ɗari huɗu da goma sha biyu. Da na zauna na tace su, sai na ga duka-duka iri talatin da ɗaya ne suke ta juyawa. Wace tsirkiya ta dace da mai koyo. Me ya sa jita ba ta zama a saiti. Ko za a iya jona jita a lasifikar rediyo. Wadda ta fi kowacce yawa ita ce ta ƙugin amfilifaya, akwatin nan mai ƙara wa jita sauti, sau hamsin da takwas. Akwai ranar da mutum uku suka yi ta a jere, na ƙarshen yana ganin amsar na biyun a saman kansa.

Kawu, ban san yadda ka yi shekara shida kana amsa wannan ba. Ni ina shagon gyara, ina tsakiyar liƙa wayar rediyo, dalma tana narkewa, sai wayata ta yi ƙara, in duba, ƙugi ne dai.

To ga abin da na yi. Na bi tsofaffin amsoshinka ɗaya bayan ɗaya, na kwafe su, na yanke gaishe-gaishe da 'yar hirar da kake yi da mutum kafin ka shiga magana, na bar tsurar amsa. Na sa wa kowacce lamba, daga ɗaya zuwa talatin da ɗaya, na maƙala su a saman zaure inda kowa zai gani. Yanzu in sabon shiga ya yi tambayar da ke ciki, sai kawai a ce masa ya duba lamba kaza. Injiniya, wanda muke kula da zauren tare, ya yaba ƙwarai. Shi har so ya yi a riƙa goge tambayar gaba ɗaya, na ce a'a, wannan ya yi tsauri.

Aiki ya ragu, ba ƙarya. Sai dai zauren ya yi shiru. Da, saƙo sittin ake yi a wuni, yanzu da ƙyar ake yin tara. Injiniya ya ce tsafta ke nan. Maiɗakina ta leƙa wayar ta ce ya koma kamar layin karɓar magani, kowa da lambarsa. Na yi dariya a gabanta, amma maganar ta tsaya min. Na rubuta a littafina cewa tsarin daidai ne, washegari na ja layi a kai, kwana ɗaya bayan nan kuma na sake rubutawa.

Ka faɗa min ra'ayinka, ko da ba zai min daɗi ba. A gaida mutanen gida. Na ba direba sabuwar tsirkiya saiti ɗaya, ka ɗaura da lalube, na san hannunka ba ya buƙatar ido.

Ɗanka,
Mai Littafi

*

Laraba

Mai Littafi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, Innarka ta karanta har muryarta ta dushe. Ido da sauƙi. Ina ganin ƙofa, ina ganin kwano, fuskar Innarka ce dai har yanzu dishi-dishi, ita kuma ta ce gara haka.

Ka yi aiki, ban raina ba. Ni ban taɓa sanin talatin da ɗaya ba ne, da na sani wataƙila da tuni na gudu. Amma tunda Allah ya ba ka ƙirga, ƙirga min abu ɗaya. Cikin waɗanda ka ce su duba lamba, nawa ne suka dawo suka ce abu ya gyaru? Nawa ne suka sake buɗe baki, ko da sannu ce?

Sai abin da ka kira hira ka yanke. Ba hira nake yi ba, ɗana. In mutum ya ce amfilifayarsa tana ƙugi, ni ban ga ɗakinsa ba, ban ga soket ɗinsa ba, ban san ko a kan kafet yake ko a kan siminti ba. Dole in tambaya. A kunne ƙugin iri ɗaya ne, ɗakunan ne ba ɗaya ba.

Kai kanka, kana ɗan shekara sha biyar, sau nawa ka tambaye ni ta ina ake zura tsirkiya ta shida? Ban rubuta ba, shi ya sa muke shiri har yau.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata ta fi ka ido. Injiniya kuma ka bar shi, mutumin kirki ne, sai dai tun da ya iya abu ya manta akwai ranar da bai iya ba.

Tsirkiya ta iso, na gode, Allah ya yi albarka.

Kawunka

Ni ce Innarka. Inda ya ce "ban raina ba", sai da ya yi tsaki uku kafin ya faɗa, na ga ya kamata ka sani. Tsirkiyar kuma ya ɗaura ta huɗu a gurbin ta uku, ya hana ni in faɗa maka. In za ka sake rubuto doguwa irin wannan, ka haɗo min da maganin maƙogwaro.

*

Alhamis

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Inna ta yi haƙuri, wannan ma ba gajera ba ce, kuma ba mai daɗi ba ce.

Na yi ƙirgar da ka sa ni. Mutum saba'in da uku na tura lamba. Sha ɗaya ne suka sake magana. Amma ba wannan ne ya sa na rufe shago da rana na zauna rubutu ba.

Don in ƙirga daidai, sai na riƙa buɗe kowane saƙo. Ka san in saƙo ya yi tsawo, waya takan nuna layi biyu na farko, sauran sai ka danna. A nan na iso kan wani da ya shigo kwana tara da suka wuce, mai kiran kansa Mai Aski. Abin da na gani a ranar shi ne: "Salamu alaikum manya. Ni sabo ne, shekarata hamsin da biyu, aski nake yi. Na sayi tsohuwar amfilifaya a hannun wani, in na kunna sai ta riƙa ƙugi." Minti huɗu tsakani na ce masa, "Duba lamba bakwai." Ban danna ba.

Yau na danna. Ga sauran, na kwafo maka ba ragi:

"Ƙugin bai dame ni ba sosai. Abin da nake so in sani, in na ɗora yatsu a kan tsirkiya sai in ji kamar cinnaku suna cizona, musamman da safe in na gama goge daɓen shago ban sa takalmi ba. Jiya gwiwar hannuna ta taɓa famfon wanke kai ina riƙe da jitar, sai da na ji har haƙorina. Haka kowa yake ji ne har ya saba? Ku yi haƙuri in tambayar wauta ce."

Kawu, kai ka koya min abin da wannan ke nufi. Wuta tana zuba a jikin amfilifayar nan, tana biyo waya ta hau tsirkiya, kuma jikinsa take bi ta sauka ƙasa. Abin da ya rage masa na kariya shi ne ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke kai wuta ƙasa, ko da soket ɗinsa ba ya aikin sosai. Lamba bakwai kuwa, mataki na uku, cewa take yi a cire wannan ƙafar na minti ɗaya a ji ko ƙugin zai tsaya. Daga bakinka na kwafo. Na koma na duba naka na asali guda goma sha huɗu, babu ko ɗaya da ba ka fara da "Tana jan ka? A kan me kake tsaye?" ba. Wanda ya ce tana jan shi, ba ka ma kai shi mataki na uku, cewa kake ya zare filogi ya kawo ta wurin mai gyara. Wannan layin ne na yanke.

Ya amsa min a ranar, ya ce, "To, na gode." Washegari ya rufe shafinsa ya fita. Babu lambar waya, babu sunan gari. Hoto ɗaya ya bari: amfilifayar a ƙasa kusa da ƙafar kujerar aski, daɓe mai tayil fari, gefen madubi, da guga.

Abin da na yi zuwa yanzu: na goge mataki na uku. Na rubuta wa masu manhajar ina roƙon su isar masa da saƙo, na'ura ta amsa cewa za a duba cikin kwana goma sha huɗu. Ban faɗa wa kowa a zaure ba.

Na faɗa wa maiɗakina tana yankan albasa. Ta ajiye wuƙar ta ce, "Zai iya mutuwa?" Na ce zai iya. Ta ce, "To me kake yi a nan?" Na ce ina tunanin yadda zan faɗa ne. Ta ce, "Mutum ɗari tara kake jin kunya, ko mutum ɗaya kake jin tsoro?" Gaskiya duka biyun ne.

Ina ta gaya wa kaina wataƙila bai karanta ba, wataƙila wani ya riga ya gargaɗe shi. Na rubuta dalilai biyar da za su sa ya kasance lafiya, na karanta su, ko ɗaya bai zauna min ba. In na fito na faɗa, wa zai sake yarda da gyarana? Kuma sunanka ne a kan zauren. Me zan yi?

Ɗanka,
Mai Littafi

*

Juma'a

Mai Littafi,

Salam. Ba doguwar gaisuwa, direba yana jira a ƙofa.

Ka faɗa a zaure yau. Ka sa hoton, ka sa saƙonsa duka, ka sa amsarka a ƙasa yadda ka ba shi. Kada ka gyara ta, kada ka yi mata ado. In ka ɓoye naka laifin, mutane za su ɗauka cigiya ce kawai, su wuce. In suka ga abin da ya faru, za su tashi.

Sunana kuma ka bar shi ya sha ƙasa, ba abin da zai same shi. Rabin laifin ma nawa ne. Shekara shida ina yin tambayar nan ban taɓa gaya maka dalilinta ba. Muna samari akwai mai bugun jita a ƙungiyarmu da ya kai baki makirufo hannunsa na kan tsirkiya. Ya rayu, amma bai sake riƙe jita ba, kuma ni na jona masa kayan a ranar. Tun daga nan nake tambaya.

Allah ya tsare bawan nan. Ka rubuto gobe, ko layi ɗaya ne.

Kawunka

Innarka ce. Shekara talatin da takwas muna tare, yau na fara jin labarin nan. Ka yi abin da ya ce.

*

Lahadi

Zuwa ga Kawu da Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku. Ku gafarce ni ban rubuto jiya ba.

Gaskiya ita ce, takardarka ta same ni ina kan kwafi na shida na sanarwar. Biyar ɗin farko duk akwai "bisa kuskuren na'ura" a ciki. Da na karanta taka sai na yage su, na rubuta layi bakwai na tsaya.

Kafin in saka na kira Injiniya, don bai kamata ya gani a sama ba. Ya ce, "Ka dai goge mataki na ukun?" Na ce na goge. Ya ce, "To shi ke nan mana. Ka sa cigiya kawai, ka ce ana neman wani mai aski. Wa ya aike ka tona kanka?" Na ce Kawu. Ya ce, "Kawu yana kwance da ido ɗaya yana ba da oda." Can kuma ya ce, "Ni ma fa na ga saƙon ranar. Na ga ka amsa, na wuce." Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ka sa sunana a ciki, kada ka cinye kunyar kai kaɗai, ba ka da cikin da zai ɗauke ta." Na sa.

Kafin la'asar saƙo ya haura ɗari biyu. Na zaci zagi. An yi, kamar guda takwas, kuma uku daga ciki sun yi daidai, na kwafe su a littafi. Sauran kuwa mutane ne da ban taɓa jin muryarsu ba, wasu shekara uku suna zaure. Wani tela ya faɗaɗa hoton ya ce gugan irin na kasuwarsu ne. Wata malamar makaranta ta ce irin gugan yana kowace kasuwa a duniya. An gano masu aski uku da ke da jita, an kira su, duka ba shi ba ne, ɗaya ma har ya nemi a sa shi a zauren.

Ga abin da ya fi tsaya min. Mutum biyu sun fito sun ce su ma tsirkiya tana cizonsu. Ɗaya wata guda ke nan. Na ce me ya sa ba ka tambaya ba? Ya ce, "Na duba lambobin ban ga cizo ba, na ce wataƙila ba tambaya ba ce." Na sa duka biyun sun zare filogi a take, na sa sun turo hoton filogin a hannunsu kafin na yarda. Ɗayan yana kusa, ya kawo tasa shago, na ɗora mitar awon wuta a jikinta. Ba zan rubuta abin da mitar ta nuna ba, saboda Inna.

A tsakiyar wannan duka wani sabon shiga ya tambayi wace tsirkiya ta dace da mai koyo. Hannuna har ya rubuta "duba". Na goge, na tambaye shi wace irin jita gare shi, yatsunsa kuma suna ciwo ne? Ashe jitar ƙanwarsa ce, ƙarama, kuma amsar lamba ɗaya da ta karya wuyan jitar. Ban cire lambobin ba tukuna. Ban san ko cirewa ne daidai ba, ko a bar su a riƙa tambaya kafin a tura mutum. Ina ta auna abin.

Shi dai Mai Aski shiru. Yau kwana goma sha biyu. Na wanke hoton na sa a cikin ambulan ɗin nan, ko Inna za ta ga abin da ba mu gani ba.

Ɗanku,
Mai Littafi

*

Litinin

Ɗana,

Innarka ce, ni kaɗai, tsohon yana barcin rana. Ina gaishe ka, ina gaida 'yata da yara.

Na ga hoton. Ban ga komai ba sai guga da tayil, kuma tayil ɗin yana son a ƙara wanke shi. Ku bar wahalar da idanunku.

Ni dai ga abin da na sani. Mai askin Kawunka ya san kowane mai aski a garin nan, ya san wanda ya sayi sabon inji, ya san wanda matarsa ta haihu. Haka suke ko'ina, bakinsu ba ya hutawa. Ku kuma kun kai ɗari tara, kowa da kai a wuyansa. Ka ce kowa ya tashi ya je aski a unguwarsu, yana zaune a kujera ya tambaya ko an san wani mai aski da ya sayi jita da girmansa. Mutum mai shekara hamsin da biyu ba zai fara kiɗa a shago ba tare da abokan sana'arsa sun yi masa dariya ba. Wani ya sani.

Matan da ke cikinku su aiki mazansu.

Kawunka ba ya cin abinci sosai tun ranar Juma'a. Ya sa na zare filogin tasa amfilifayar na ɓoye, wai sai ka zo ka auna ta. Kada ka ce na faɗa maka. Kai ma ka ci abinci.

Innarka

*

Asabar

Zuwa ga Inna da Kawu,

Assalamu alaikum. Na sa Inna a gaba yau, kuma Kawu ya san dalili.

Na saka shawarar ranar Talata da safe, da sunan Inna. Zuwa yamma zaure ya cika da hotunan kawuna. Na ƙirga ɗari da sittin da huɗu kafin na daina. Injiniya, wanda rabonsa da gashi shekara goma, ya je ya zauna a kujera, mai askin ya ce, "Oga, me zan taɓa?" Ya ce, "Taɓa labari." Ni kaina shago uku na shiga cikin kwana biyu. Na farko ya rage, na biyu ya kwashe, na uku ya shafa min mai kawai ya ce in tafi. Yarana sun ƙi zama kusa da ni a tebur.

Ranar Alhamis wani direban babbar mota, wanda tun shigarsa zaure bai taɓa cewa uffan ba, ya rubuto daga wani gari mai nisan awa huɗu da nan. Mai askin tasha ya ce masa akwai wani a bayan kasuwar kayan gini, suna kiransa Makaɗi don tsokana. Direban ya je. Ya tarar da shago a kulle. Mai sayar da fenti na kusa ya ce ya kwana shida bai buɗe ba.

Kawu, awa biyu tsakanin wannan saƙon da na gaba. Na ɗauki rediyon wani in gyara, na kwance shi, na mayar, ban san me na yi masa ba.

Na gaban ya ce ya sami gidan. Mai Aski yana da rai. Ya fito da kansa, hannun hagu a naɗe. Ya tsaya a bakin ƙofa suka yi magana, bai ce komai a kaina ba, bai kuma yarda a ɗauke shi hoto ko a ba da lambarsa ba. Direban ya shiga shagon da makullinsa ya zare filogin da hannunsa. Ya ce ƙafa biyu ce a jiki.

Na rubuta wa Mai Aski takarda, kwafi ɗaya tak, direban ya karɓa jiya zai kai. Na faɗa masa abin da na yi, ban nemi ya yafe ba, don ban ga ina da bakin nema ba. Ban san yadda hannun yake ba, ban san ko zai amsa ba. In ya amsa zan aiko muku da ita yadda take.

Kawu, ka ci abinci. Zan zo ranar Laraba da mita.

Ɗanku,
Mai Littafi

*

Zuwa ga mai gyara,

Salamu alaikum. Takardarka ta same ni, na karanta sau biyu. Ina gaida iyali.

Lamba bakwai na bi ta daki-daki, don na ga an tsara ta da kyau. Ƙafar filogin da filaya na karya ta. Na yi kwana da kwanaki ina kaɗawa da takalmi ba abin da ya faru, sai ranar da na manta. Wuta ta jefa ni jikin kujera. Yatsu biyu ne suka ƙone, na tsakiya da na kusa da shi. Likita ya ce za su lanƙwasu, sai dai a hankali. Na buɗe shago jiya, ina riƙe mataji da uku.

Fita da na yi ba fushi ba ne. Na ga kowa ya iya, ni kaɗai nake tambayar yara, sai na ji nauyi. Da na ji mutum ɗari da wani abu sun yi aski saboda ni, na rasa inda zan sa kaina. Abokan sana'a sun ce in gode maka, wai kasuwa ta buɗe.

Zaure ba zan dawo ba yanzu, kada ka matsa. Ban ce har abada ba.

Amfilifayar tana motar direba, na naɗe ta da tsohon tawul. Ka gyara ta yadda za ka gyara wa kanka. In ka gama kada ka aiko, ka kawo ta da ƙafarka, ka jona ta a shagona, ka fara ɗora naka yatsun ina kallo. An ce kanka ba sauran abin aski, amma gemu yana nan.

Na bar ka lafiya.

Mai Aski